Man Rina Fata da Man Kare Rana: Wanne Ne Ke Tsare Jiki?

A manyan kantunan Landan ko Sidni, da zarar lokacin zafi ya gabato, za ka tarar an jera kwalabe iri biyu a kanta ɗaya. Hotunan da ke jikinsu kusan ɗaya ne: bakin teku, rana ta take, ga mace mai fata ruwan zuma. Sau da yawa ma kamfani guda ne ya yi su. Ɗaya man rina fata ne, wanda Baturiya ke shafawa da dare ta wayi gari ta koma wankan tarwaɗa, alhali rana ba ta taɓa ta ba. Ɗayan kuma man kare rana ne, wanda ake shafawa kafin a fita don kada hasken rana ya ƙona fata. Mutane da yawa a can suna ɗauka na farkon yana yin wani abu daga aikin na biyun. Kama da wane kuwa ba ta wane, kuma wannan kuskuren yana iya kai mutum gadon asibiti.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai yi mamakin yadda mutum zai fitar da kuɗinsa don ya yi duhu. Ba haka Turawa suke tun asali ba. Har zuwa farkon ƙarni na 20, farar fata tas ita ce alamar 'yar babban gida, domin wanda rana ta dafa manomi ne ko masunci. Da masana'antu suka kulle talaka a cikin gini daga safe har dare, sai lamarin ya juye: wanda ya yi duhu shi ne mai halin zuwa hutu bakin teku. Ana yawan ba da labarin Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafin nan ta Faransa, cewa ta dawo daga yawon jirgin ruwa a 1923 rana ta gasa ta, matan Paris suka ga abin ya yi musu, suka ɗauka. Daga nan kwanciya a rana ta zama ado, daga baya kuma aka ƙera gadaje masu fitilu da ke fitar da hasken UV, irin wanda ke cikin hasken rana, mutum ya biya kuɗi ya kwanta a ciki minti goma ko ashirin.

An biya farashin wannan ado da rayuka. A shekarar 2020 kaɗai an samu kimanin mutum 325,000 a duniya da suka kamu da melanoma, wadda ita ce mafi muni cikin sankarar fata, kuma wajen 57,000 suka mutu. A Ostareliya, inda fararen fata suka zauna a ƙasa mai tsananin rana, ana ƙiyasta cewa kusan mutum biyu cikin uku za su gamu da wani nau'in sankarar fata a rayuwarsu. A 2009 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka gadajen fitilun nan a rukuni ɗaya da taba sigari, wato abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Barazil ta haramta su don kwalliya a wannan shekarar, jihohin Ostareliya suka bi sahu daga 2015. A cikin wannan yanayi ne man rini ya samu kasuwa, a matsayin hanyar samun launin ba tare da shiga ranar ba.

Sinadarin da ke aikin a kusan kowane man rini shi ne dihydroxyacetone, wanda ake taƙaitawa da DHA. Wani ɗan ƙaramin nau'in sukari ne marar launi, ana samar da shi daga tsirrai irin su rake da gwozar sukari. Yadda ya shigo harkar kwalliya abin lura ne. A shekarun 1950, wata mai bincike a Jami'ar Cincinnati ta Amurka, Eva Wittgenstein, tana ba wasu yara masu matsalar sarrafa sukari a jiki wannan sinadari su sha a matsayin gwaji. Wani lokaci yaro kan yi tumbuɗi, ko maganin ya ɗiga masa a haɓa. Bayan 'yan sa'o'i sai ta ga wurin ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, tufafin yaron kuwa ba su canja ba. Ta shafa wa kanta, ta ga haka nan. Kafin a ce kwabo kamfanoni sun shiga, kuma a 1960 kamfanin Coppertone ya fito da nasa mai suna QT. Mayukan farko sukan mayar da mutum ruwan lemo, har aka daɗe ana ƙyamarsu, sai da aka gyara haɗin a shekarun baya.

Don a gane aikinsa sai a san cewa saman fatar mutum matacce ne. Ƙwayoyin fata suna haihuwa a ƙasa, su yi ta turo juna sama, su mutu, su zama wani siririn ɓawo mai cike da furotin, wanda ke kakkaɓewa kullum ba mu sani ba. DHA yana haɗuwa da furotin ɗin wannan ɓawo, sai a samu wasu sinadarai masu launin ƙasa da ake kira melanoidin. Masana kimiyya suna danganta wannan haɗuwa da sunan Louis-Camille Maillard, Bafaranshen da ya bayyana ta a 1912, kuma ita ce dai ke sa bayan burodi ya yi ja a tanda. Launin yana fara fitowa bayan sa'a biyu zuwa huɗu, ya ci gaba da nuna har kwana ɗaya ko fiye, sannan ya dushe cikin kwana biyar zuwa bakwai, gwargwadon yadda ɓawon ke zuba.

Duk macen da ta taɓa ƙunshi ta riga ta san wannan ilimi a aikace. Lalle ma saman fata yake kamawa. Shi ya sa ya fi nuna a tafin hannu da tafin ƙafa, inda ɓawon ya fi kauri, ya yi rauni a bayan hannu, kuma ya riƙa kodewa da wanke-wanke har ya ɓace. Haka man rini yake. Ya fi kama gwiwa, gwiwar hannu, idon sawu da gaɓoɓin yatsu, shi ya sa mai shafa shi ke da doguwar hidima. Tun ana gobe za ta dirje jikinta ta cire matacciyar fata. Ta ɗan goga man shafawa na yau da kullum a gwiwoyi don kada su sha da yawa. Ta sa safar hannu ta musamman, ta bi jiki a hankali a kewaye-kewaye, ta tsaya ya bushe, ta sa tufa mai yalwa, ta guji ruwa da gumi na sa'o'i shida ko takwas. Idan ta yi sakaci, da safe za ta ga tafin hannunta ya yi ja, ƙafafunta sun yi zane-zane, zanin gado ya ɓaci, ga wani wari kamar na biskit da ya daɗe, wanda duk mai amfani da shi ya sani.

To, a nan ne maganar take. Launin da wannan mai ya samar ba shi ne launin da Allah ya halitta a fata ba, ko da yake ido ba ya bambancewa. Launin fata na asali melanin ne, wanda wasu ƙwayoyi na musamman ke sarrafawa can ƙasan fata mai rai, su raba wa maƙwabtansu. Kowace ƙwaya ta tara nata a saman cibiyarta, inda kundin gadon halitta yake, ya tare hasken kafin ya isa wurin. Melanoidin kuwa yana kwance ne a matattun ƙwayoyi na sama, kuma bai iya shanye hasken da ke ƙona fata yadda ya kamata ba. Da aka auna ƙarfin kariyarsa da ma'aunin SPF, abin da aka samu bai wuce 3 ba, shi ma a ranar farko ne kuma da haɗi mai ƙarfi, daga nan sai raguwa. Likitocin fata kuwa 30 suke cewa a nema, ko fiye. Wadda ta yi rini, a wajen rana tana nan farar da take jiya.

Kada kuma a ce ai gara duhun da rana ta bayar da kanta. Fatar Bature ba ta yin duhu sai hasken UV ya riga ya yi wa ƙwayoyinta lahani, jiki ya farga ya ƙara melanin don rage ɓarnar gaba. Duhun shaidar rauni ne, kuma kariyar da yake bayarwa ita ma ba ta wuce SPF 2 zuwa 4 ba. Masu cewa bari su ɗan gasu tukuna kafin su tafi hutu don kada su ƙone, an gudu ne ba a tsira ba.

Man kare rana ya bi wata hanya dabam tun daga tushe. Cikin waɗanda ake ambata a tarihinsa akwai Franz Greiter, ɗalibin kimiyya da rana ta ƙona a 1938 yana hawan dutsen Piz Buin da ke kan iyakar Austiriya da Suwizalan, ya koma ya haɗa man da ya fito kasuwa a 1946. Akwai kuma Benjamin Green, mai haɗa magunguna a Amurka, wanda ya fara da wani jan mai mai kauri da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu ke shafawa, kuma daga aikinsa ne Coppertone ya samo asali. Wato gida ɗaya ne ya sayar wa jama'a mayukan biyu, ba mamaki suka cakuɗe a tunanin mai saye.

Hasken rana mai cutarwa iri biyu ne ke iso mu. UVB shi ne mai ƙona fata ta yi ja ta saɓule, kuma yana lalata kundin gadon ƙwayoyi kai tsaye. UVA ya fi yawa nesa ba kusa ba, ya fi nutsewa cikin fata, yana ratsa gilashin taga, shi ne ke kawo tamoji da tabo da tsufan wuri, kuma shi ma yana da hannu a sankara. Man kare rana yana shimfiɗa wasu sinadarai a kan fata da ke shanye wannan haske su mayar da shi ɗan ɗumin da ba a ji. Wasu na ma'adinai ne, irin su zinc oxide da titanium dioxide, wasu kuma haɗin ɗakin gwaji ne irin su avobenzone. Lambar SPF tana auna kariya daga UVB ne: mai 15 yana tare kimanin kashi 93 cikin ɗari, mai 30 kashi 97, mai 50 kashi 98. Don haka sai an duba ko an rubuta cewa yana tare UVA ma.

Ba zan ɓoye nauyinsa ba, domin yana da shi. Man rini sau ɗaya ake shafawa a mako, a ga sakamako a madubi. Man kare rana kuwa ba ya nuna komai. Aikinsa shi ne kada wani abu ya faru, kuma ɗan Adam ba ya saurin gode wa abin da bai gani ba. Yana son a shafa shi da yawa, miligiram 2 a kowane murabba'in santimita na fata, wato wajen mililita 30 ga jikin baligi, kuma yawancin mutane ko rabin haka ba sa shafawa. Yana son a sake bayan kowace sa'a biyu, da bayan iyo, da bayan gumi mai yawa. Yana da tsada. Irin na ma'adinai kuma yakan bar wa baƙar fata wani fari-fari kamar an shafa toka, abin da ya sa 'yan Afirka da yawa suka gwada sau ɗaya suka ajiye.

Amma yana da abin da man rini ba shi da shi, wato hujja. A garin Nambour na jihar Queensland a Ostareliya, an raba mutum 1,621 gida biyu daga 1992 zuwa 1996. Aka ce wa kashi ɗaya su shafa man kare rana kullum, ɗayan kashin aka bar su su yi yadda suka saba. Aka ci gaba da bibiyarsu shekara goma bayan kammala gwajin. Sakamakon da Adèle Green da abokan aikinta suka fitar a 2011 ya nuna melanoma 11 a cikin masu shafawa kullum, 22 a cikin ɗaya kashin. Ko a can ɗin ma ba a taɓa cewa man kaɗai ya isa ba. Gangamin wayar da kai da Ostareliya ta fara a 1981 riga ya fara ambata, sannan mai, sannan hula, daga baya aka ƙara inuwa da tabarau.

Ya kamata a yi wa man rini adalci. Idan zaɓin da ke gaban budurwa a Manchesta shi ne ko gadon fitila ko kwalbar rini, to kwalbar ta fi sau dubu, kuma ƙungiyoyin likitocin fata sun faɗi haka a fili. DHA bai cika wuce mataccen ɓawo ba, kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a shafa shi a bayan fata tun shekarun 1970. Sai dai amincewar ba ta haɗa da leɓe, ido, cikin hanci ko shaƙa ba, abin da ke sa ayar tambaya a kan rumfunan feshi, inda mutum ke tsayawa na'ura ta yi masa ɓarin hazo daga kai har ƙafa. Man rini ya kuma fi sauran hanyoyin yin duhu da ake tallatawa nesa ba kusa ba. Ƙwayoyin canthaxanthin da wasu ke sha don launi suna iya taruwa a bayan ido. Allurar melanotan da ake sayarwa a ɓoye kuwa babu hukumar lafiyar da ta ba ta lasisin kwalliya.

Haɗarin man rini na gaske yana cikin zuciyar mai shafawa. Bature ya saba auna kansa da ido: in ya ga fatarsa fara sol, ya san minti ashirin a rana zai ƙone, sai ya nemi inuwa. Ranar da ya ga kansa wankan tarwaɗa, wannan tsoron ya tafi, ya kwanta a yashi har la'asar, ya tashi da ƙuna a ƙarƙashin rinin. Wannan ne ya sa dokar Amurka ta wajabta rubuta gargaɗi a jikin duk man rinin da ba shi da sinadarin kare rana, cewa ba ya hana ƙuna. Waɗanda aka haɗa su biyu a kwalba ɗaya sun fi ruɗarwa, domin launin zai yi mako guda, kariyar kuwa sa'a biyu ce ta ƙare, amma mai shi yana kallon launin yana zaton tana nan. Akwai ma wani bincike da aka yi a Berlin da ya nuna cewa a cikin yini ɗaya bayan shafa DHA mai ƙarfi, hasken rana yakan tayar da sinadarai masu lahani a fata fiye da yadda yake yi a fatar da ba a shafa wa komai ba. Ke nan ranar da mutum ya fi jin ya samu kariya ita ce ranar da ya fi bukatar inuwa.

Ina ruwan Bahaushe da wannan? Man rini ba hajarmu ba ce, amma darasin da ke cikinsa ya shafe mu ta ɗaya gefen, kuma namu ya fi ciwo. Baƙar fata tana ɗauke da kariya ta gaske. Wani awo da aka yi a Amurka a 1979 ya ƙiyasta ta a kusan SPF 13, ta farar fata kuwa wajen 3. Wannan ne babban dalilin da ya sa manomi a Gumel zai yi shekara hamsin yana noma a rana ba tare da irin sankarar da ke addabar manomin Queensland ba. Baturiya mai rini ta ɗora launin aro a kan fatarta, amma ba ta rage komai daga abin da take da shi ba. 'Yar'uwarmu mai bilicin kuwa cire na gaskiyar take yi. Hydroquinone yana hana ƙwayoyin fata yin melanin. Mayukan da ke ɗauke da clobetasol da danginsa suna sirantar da fatar har jijiyoyi su bayyana. Wasu kuma da mercury a ciki, mai taɓa ƙoda. Sannan ta fito da wannan fata da aka tuɓe wa sutura cikin ranar watan Afrilu ta Sakkwato. Sakamakon muna ganinsa a gidajen biki: kumatu sun ƙone sun yi baƙi-baƙi, gaɓoɓin yatsu sun ƙi bin sauran jiki, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, kuma ba ta yi ƙari ba.

Wannan ba ya nufin mai baƙar fata ya fi ƙarfin komai. Rana tana ƙara duhun tabon ƙuraje da baƙin da ke fito wa mata a fuska lokacin goyon ciki, kuma man kare rana na taimakawa a nan fiye da kowane haɗin kanti. Melanoma ma tana kama mu, sai dai ta fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, inda ba ruwan rana. Ita ce ta kashe mawaƙi Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga wani baƙin tabo a yatsan ƙafa. Duk wanda ya ga irin wannan tabo yana girma ko yana canja kama, ya kai wa likita.

Waɗanda suka fi damuna su ne zabiya. Yaron da aka haifa ba melanin, a ƙasar da rana ke tsaye a ka kusan duk shekara, shi ne ya fi kowa a duniya bukatar man kare rana, kuma shi ne ya fi kowa rashinsa. Za ka gan shi yana talla ko kiwo da tsakar rana, wuyansa ya yi jajir, leɓɓansa sun farfashe, kunnuwansa sun yi ɓawo-ɓawo masu kaushi. Waɗannan ɓawon su ne mafarin sankara, kuma ita ce ke ɗauke da yawa daga cikinsu tun suna samari. A garin Moshi na Tanzaniya an kafa wurin haɗa man kare rana musamman domin zabiya, ana raba musu. Mu ma ba abin da zai hana asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Maiduguri ko Yamai yin haka, in hukuma da masu hali suka sa hannu.

Idan akwai zabiya a gidanku ko a unguwarku, ku nema masa malafa mai faɗi da riga mai dogon hannu, ku saya masa man kare rana mai SPF 50 in da hali, ku kuma roƙi malaminsa ya daina tsayar da shi a filin makaranta da rana tsaka. Ke kuma da ke da kwalbar bilicin a kan madubi, ki ajiye ta, ki je wurin likitan fata ya duba ki tun fatar tana iya farfaɗowa.